Idan Mota Ta Buge Yaro a Titin Legas: Yadda Ake Karanta Bugun Kafin a Isa Asibiti

Wata la'asar sakaliya, a bakin wani layi da ke fita babban titin Agege, danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ta buge wani yaro ɗan shekara bakwai da aka aika sayen gawayi. Kafin mu iso ya miƙe da kansa yana karkaɗe wando, babu abin da ake gani sai 'yar ƙujewa a gwiwar hannu. Jama'a suka yi ta cewa Allah Ya tsare, wata mai abinci ta ba shi ruwa, direba ya ba da kuɗin magani, kowa ya watse. Bayan isha'i yaron ya fara cewa kafaɗarsa ta hagu na ciwo, cikinsa ya ɗaure tamau, tafin hannunsa ya yi fari. Saifarsa ce ta fashe tun da la'asar, jini yana ta tsiyaya a ciki. An yi masa tiyata cikin dare, Allah Ya yi da sauran kwana.

Ina cikin 'yan agajin da suka bar shi ya tafi gida. Na ga inda gaban danfon ya loɓa, daidai tsayin haƙarƙarin yaron, amma ban tsaya na tambayi kaina me ya loɓa ƙarfen ba. Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga ranar nake koya wa duk wanda zai saurare ni, 'yan agaji da 'yan acaba da masu shago a bakin titi daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, cewa yadda mota ta bugi yaro shi ke nuna inda raunin yake ɓoye. Likita zai ga jikin yaron, amma ba zai taɓa ganin motar ba. Wanda ya tsaya a wurin ne kaɗai zai kai masa wannan labari.

Mataki na farko: tsare wurin, kira taimako

Kada ka zama mutum na biyu da za a kwasa. Sa mutum biyu su tare motoci ta kowane ɓangare, domin a Legas masu bin hannun da ba nasu ba suna fitowa ta inda ba ka zata. A kashe injin motar da ta yi bugun, a ja birkin hannu. Sai ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce, “Kai mai jar hula, kira 112 ko 767, ka ce yaro ne mota ta buge, ka faɗi sunan tashar bas mafi kusa.” Lambobin nan kyauta ne, ta nan ake samun motar asibiti ta gwamnatin jihar Legas, wato LASAMBUS. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kuwa 122 ce lambarta. In ka ce “a kira” kawai, kowa zai ɗauka wani ya kira.

Mataki na biyu: abin da ke kashewa nan take

Karanta bugu ba ya zuwa gaban ceton rai. In jini na tsartuwa ko yana malala, danne da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. Wani ya durƙusa ta saman kan yaron ya tallafe kan da tafukansa biyu yadda wuya ba zai juya ba. Duba ko yana numfashi. In yana minshari ko kakari, tura muƙamuƙinsa gaba ta ƙasan kunnuwa ba tare da ka lanƙwasa wuya baya ba. Yaron da ke kuka da ƙarfi, hanyar iskarsa a buɗe take, wannan kukan abin so ne. In ba ya numfashi kwata-kwata, a fara hura masa iska da danna ƙirji, sauran bincike ya jira.

Idanunka kuwa su yi aiki tun kana tahowa. Karanta bugun da zan bayyana a ƙasa bai kamata ya ci fiye da minti ɗaya ko biyu ba, kuma ana yin sa ne wani na riƙe da yaron.

Mataki na uku: kare direban, shi ne babban shaidarka

Nan ne muka fi yin asara. Da an ce mota ta buge yaro, sai a yi kan direba da duwatsu, ya gudu, ko a farfasa motar. Bayan zaluncin da ke cikin haka, an kori mutumin da ya fi kowa ganin abin da ya faru, an kuma goge alamomin da ke jikin motar. Ka samu dattijo ko shugaban 'yan tasha ya tsaya kusa da shi. Ka yi masa magana a natse: “Malam direba, ba faɗa na zo ba, taimaka mini mu ceci yaron nan.” In ba ya jin Hausa, a samu mai jin Yarbanci ko burokin ya fassara.

Tambayoyin kaɗan ne. Ta ina yaron ya fito, ta wane gefe motar ta same shi? Ka taka birki kafin bugun ko bayansa? Ya hau kan bonet, ko ya faɗi gaba, ko ya shige ƙarƙashi? Ka ji taya ta hau wani abu? Da ya faɗi, ya yi kuka nan take ko ya yi shiru na ɗan lokaci? Direba zai rage gudun da yake yi, wannan halin ɗan Adam ne, don haka ka tambayi kwandasta da mai shagon gefe su ma, ka gwada maganarsu da abin da idonka ya gani.

Mataki na huɗu: gwada tsayin yaro da gaban motar

Wannan shi ne zuciyar aikin. Babban mutum idan ƙaramar mota ta buge shi, bamba tana samunsa a ƙwauri, ya kifa kan bonet. Yaro gajere ne, don haka ƙarfen da ke karya ƙwaurin babba shi ke samun cinyar yaro, ko ƙugunsa, ko ƙirjinsa. Masu koyar da aikin ceto sun lura kuma cewa babba yakan juya ya nemi gudu, yaro kuwa sau da yawa yakan tsaya ya fuskanci motar, sai bugun ya same shi ta gaba.

Ka ɗauka bugu uku ne, ba ɗaya ba. Na farko, bamba da jiki. Na biyu, jiki da bonet ko gilashi ko ragar gaban mota. Na uku, jiki da kwalta, kuma da yake kan yaro yana da girma da nauyi idan aka gwada da sauran jikinsa, kan ne yakan riga sauka. Wani likita mai suna Waddell ya bayyana wannan jeri a shekarar 1971: karayar ƙashin cinya, rauni a ƙirji ko ciki a gefen da aka buga, da rauni a kai a ɗaya gefen da ya bugi ƙasa. Ba kowane yaro ke haɗa ukun ba, amma amfanin saninsa shi ne, in ka ga ɗaya ka nemi sauran biyun. Cinyar da ta karye tana jan idon kowa saboda ihu da lanƙwashewa, alhali cikin da ke shiru ne zai kashe.

Irin motar tana sauya labarin gaba ɗaya. Ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasan bonet takan ɗauki yaro ɗan firamare ta kifa shi a kanta, sannan ya zame ya faɗi idan aka taka birki. Danfo da bas ɗin BRT gabansu a miƙe yake kamar bango, suna bugun kai da ƙirji da ciki lokaci guda, su wurga yaron gaba, in direba bai tsaya ba ya sake bi ta kansa. Jif mai tsayi, gefen bonet ɗinsa daidai kai ko ƙirjin ɗan shekara shida yake. Tirela da tifa da tanka, irin waɗanda suka cika hanyar Apapa zuwa Oshodi, abin tsoronsu takewa ne da jan yaro a ƙasa, musamman da tayoyin baya wajen shan kwana. Acaba da keke Marwa mai ƙafa uku kada a raina su: ƙahon babur da hannun birki suna soka ciki a wuri ɗaya ƙarami, tabon waje kamar kwabo, ɓarnar ciki babba, ga ƙunar salansa.

Ƙananan yara masu tatata, 'yan shekara ɗaya zuwa uku, nasu daban ne. Motar takan ture su ƙasa ta bi ta kansu, kuma sau da yawa a cikin gida ko bakin gareji ne, lokacin da mai mota ke ja da baya a hankali bai gan su ba. Kada rashin gudu ya yaudare ka. Nauyin mota a kan ƙirji ko cikin yaro ya isa, ko da tafiyar kunkuru take yi.

Gefen da aka buga ma yana da magana. A Najeriya ana tuƙi ta hannun dama, don haka yaron da ya sauko daga gefen titi motar farko ta hagunsa take zuwa, kuma saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. In ya wuce tsakiyar titi, ko mai bin hannun da ba nasa ba ne ya buge shi, to dama ce, can hanta take. Duka biyun jini suke zubarwa a ɓoye.

Mataki na biyar: karanta motar da kwaltar

Zagaya gaban motar da tocilan in dare ne. Nemi inda ya loɓa, fitilar da ta fashe, tsagewar gilashi mai kama da saƙar gizo, gashi ko jini ko zaren riga da ya maƙale. Auna tsayin wurin da jikinka, ka kwatanta da tsayin yaron. Tsagewar gilashi na nufin kai ya bugu da ƙarfi. Leƙa ƙarƙashin motar, in ka ga ƙyalle ko wurin da ƙura ta goge, ya shiga ƙasa.

Sai kwalta. Inda silifas ɗinsa ko farantin tallarsa ya faɗi yakan nuna kusa da inda aka buge shi. Ƙirga taku daga nan zuwa inda yake kwance, wannan ne nisan da aka wurga shi. Duba abin da ya sauka a kai: kwalta ce, gefen kwata ne, ko ƙarfen raba hanya. Dubi tsawon zanen birki. Gudu ba ya ƙara ɓarna daidai wa daida: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugun ya ninka huɗu. Motar da ke kilomita 60 a awa tana ɗauke da ƙarfi ninki huɗu na wadda ke 30. Shi ya sa yaron da aka buge a titin Ikorodu ko hanyar Legas zuwa Abeokuta, inda mutane ke barin gadar ƙafa su tsallaka ta ƙasa, nake ɗaukarsa mai mummunan rauni tun kafin in taɓa shi.

A wurina, ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a ce babban asibiti kai tsaye ko da yaron na dariya: an wurga shi, an taka shi, an ja shi, motar ta haura kimanin kilomita 30 a awa, babbar mota ce, ya suma ko na daƙiƙa kaɗan, ko kuma babu wanda ya ga yadda abin ya faru.

Mataki na shida: bi jikin yaron da labarin da ka karanta

Yanzu ka san inda za ka nema. Yanka riga da almakashi in ya kama, ka duba, ka sake rufe shi nan da nan, domin yara suna saurin yin sanyi ko a zafin Legas, balle in ruwan sama ya jiƙa su, kuma sanyi yana hana jini daskarewa. A baƙar fata ɓurmin jini ba ya saurin nunawa, don haka ka haska da kyau, ka shafa da hannu ka ji kumburi da inda yake zabura. Zanen taya a riga ko a fata shaida ce cewa an taka shi.

Ƙirjin yaro kamar sabon kwando yake, yana lanƙwasa ya dawo. Haƙarƙari zai iya ƙin karyewa alhali huhun da ke ƙasa ya daku. Ƙirga numfashi. Ɗan shekara biyar zuwa goma sha biyu yakan yi kusan 20 zuwa 25 a minti. In ya wuce haka sosai, ko yana gurnani, ko ƙofofin hancinsa na buɗewa, ko gefe ɗaya na ƙirjin ba ya tashi, to huhu ya taɓu. In kuwa ka ji haƙarƙari ya karye a ƙaramin yaro, ka san ƙarfin bugun ya kai matuƙa.

Ciki shi ne mayaudari. Hanta da saifar yaro ba su da kariyar ƙashi da tsoka kamar na babba. Ga lissafin da nake yi wa ɗalibaina: jinin yaro kusan mililita 80 ne a kowane kilo. Ɗan shekara shida mai kilo 20 jininsa duka bai wuce lita ɗaya da rabi da ɗan ɗori ba. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce. In jinin da ya kai cikin leda ɗaya ya zuba a cikinsa, ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma har a lokacin awon hawan jininsa zai iya nuna lafiya lau, saboda jijiyoyin yara suna matsewa su riƙe. Idan awon ya faɗi, an kusa makara. Alamomin farko su ne bugun zuciya da sauri, hannu da ƙafa su yi sanyi, cikin fatar ido da leɓe da tafin hannu su yi fari, ƙishirwa, da yaro ya yi laushi ko ya rikice. Danna farcensa na daƙiƙa biyar ka saki, in launin bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, akwai matsala. Ciwon kafaɗar hagu ba tare da an bugi kafaɗar ba, irin na yaron Agege, jini ne ke taɓa tantanin da ke ƙarƙashin huhu.

Game da kan yaron kuwa, ka duba matakin hankalinsa a sauƙaƙe: idonsa biyu yana gane mutane, ko sai an kira shi yake amsawa, ko sai an mintsine shi, ko ba ya amsa komai. Ka ce, “Ɗana, yaya sunanka? Ina gidanku?” Ga wanda bai iya magana ba, tambayi uwar, “Hajiya, haka ya saba? Yana gane ki?” Uwa ta fi kowace na'ura sanin ɗanta ya sauya. Amai a kai a kai, jijjiga, barcin da ba na ƙa'ida ba, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, jini ko ruwa garai daga kunne ko hanci, duk na gaggawa ne, kuma kada a toshe kunnen da auduga. Akwai zubar jini a cikin ƙoƙon kai da ke barin yaro ya farfaɗo ya yi ta surutu na awa ɗaya ko biyu kafin ya sake faɗuwa. Don haka a riƙa maimaita dubawar kowane minti biyar.

Wuyan yaro ma yana iya miƙewa ya ji wa laka rauni ba tare da ƙashi ya karye ba. Tambaye shi ko yana jin hannu da ƙafa, ya motsa yatsu. Ko ya ce ya ji kamar wutar lantarki ta ratsa shi sannan ta wuce, ka riƙe wannan ka faɗa wa likita.

Mataki na bakwai: ɗauka da tafiya

Abubuwan da muka saba yi da kyakkyawar niyya su ne ke ƙara ɓarna: sungumar yaro a kafaɗa, girgiza shi, kwara masa ruwa, ba shi ruwa ko madara ya sha, ɗora shi a babur kai na lilo. Ruwan da ya sha zai iya shaƙe shi, ya kuma kawo cikas in za a yi tiyata. Jiƙa masa leɓe kawai.

A kwantar da shi a kan abu mai faɗi da tauri, mutum uku ko huɗu su ɗaga tare, mai riƙe da kai shi ke ba da umarni. Ƙeyar ƙaramin yaro tana da tudu, in ya kwanta rigingine haɓarsa takan danno ƙirji ta toshe iska, don haka a ninke zani ko tawul mai kaurin yatsa biyu a shimfiɗa daga kafaɗu zuwa ƙugu. In yana fizge-fizge kada a danne shi da ƙarfi, a bar uwarsa ta riƙe masa kai tana yi masa magana. In amai ya zo, a juya shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, kai da gangar jiki tare. Cinyar da ta karye a tallafe ta yadda take, a ɗaure ta da lafiyayyar ƙafar da ƙyalle a tsakani. In taya ta bi ta ƙugu, kada a girgiza ƙashin don gwaji, a naɗe zani a ɗaure daidai mahaɗar cinya da ƙugu. Mai ɗori ba shi da hurumi a wannan rana.

Minti goma ya isa zama a wurin. In gosilo ya riƙe motar asibiti kuma yaron na ƙara laushi, a nemi motar da zai kwanta a miƙe, a sanar da masu lambar gaggawa inda aka nufa. A zaɓi asibitin da ke da tiyata da jini da na'urar hoton kai ko da ya ɗan fi nisa, irin su asibitocin koyarwa na LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi-Araba, ko cibiyar haɗurra ta jiha da ke tsohon Toll Gate. Asibitin ƙashi na Igbobi gwani ne a karaya, amma yaron da ake zargin kansa ko cikinsa ya fi buƙatar inda za a duba komai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikatan lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ka faɗi haka cikin ladabi in an tsaya jan rai.

Mataki na takwas: miƙa labarin

Wanda ya ga wurin ya bi yaron, ko ya rubuta a takarda, ko ya ɗauki hoton gaban motar da waya don likita kaɗai, ba don yaɗawa a WhatsApp ba. A ƙofar sashen gaggawa ba a son dogon zance. Shekaru, lokaci, yadda aka buge shi, abin da ka gani, alamomin jiki, abin da ka yi. Da a ce na san wannan a waccan la'asar, ga abin da zan faɗa:

“Likita, yaro ne ɗan shekara bakwai. Danfo ta buge shi ta hagu da misalin biyar da kwata. Gaban motar ya loɓa daidai tsayin haƙarƙarinsa, ta wurga shi taku huɗu, ya faɗi ta dama a kan kwalta, taya ba ta hau shi ba. Bai suma ba, ya tashi da kansa. Ƙujewa kawai muka gani a gwiwar hannu, amma zuciyarsa na gudu kuma hannunsa da sanyi. An ba shi ruwa kofi ɗaya kafin mu hana. Saifarsa nake tsoro.”